Om 0.6 ko 1.2? Yadda ake zaɓen koyil ɗin da ya dace da ƙaramin sigarin lantarki

Wace lamba ce ta dace da ƙaramar na'ura, 0.6 ko 0.8 ko 1.2, kuma wai gaskiya ne in lambar ta yi ƙasa abin ya fi ƙarfi ya fi daɗi? Wannan tambayar ta yi yawa tsakanin masu amfani da sigarin lantarki tun da aka fara matsa wa irin na zuƙa-ka-yar ɗin nan lamba. Beljiyam ta hana sayar da su daga 1 ga Janairun 2025, Faransa ta biyo baya a watan Fabrairu, Birtaniya ma ta rufe tata ƙofar ranar 1 ga Yunin 2025. To sai mutanen da a da ba ruwansu da sanin komai, su dai su ɓare leda su zuƙa in ya ƙare su jefar, suka koma kan na'urorin da ake yi wa caji a ɗura musu ruwa a canza musu koyil, kuma a nan ne aka shiga ruɗani, don kwali ɗaya an rubuta 0.6Ω ɗaya an rubuta 1.2Ω, kamanninsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya, mai shago ma wani lokacin bai san bambancin ba sai dai ya ce maka ɗauki wannan ya fi hayaƙi.

Bari in faɗi abu ɗaya tun da wuri. Wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da abin nema a wannan harkar, nikotin abu ne mai kama mutum ya ƙi saki, yara da matasa da mata masu ciki kuwa kada ma su kusance shi. Bayanin nan na babban mutum ne wanda ya riga ya faɗa sigari, ya koma na lantarki yana neman hanyar rabuwa da shi, shi ne bai kamata a bar shi yana zuƙar ƙonanniyar auduga ko yana ɗura wa kansa nikotin fiye da kima saboda kawai ba a yi masa bayanin wata lamba ba.

Mene ne koyil ɗin, kuma me lambar ke nufi

Koyil wata 'yar waya ce da aka naɗe, ko wata 'yar siririyar raga ta ƙarfe, an kewaye ta da auduga. Audugar na tsotso ruwa daga tanki, in ka zuƙa sai batir ya tura wuta cikin wayar, ta yi zafi, ruwan da ke jikinta ya zama tururi. Aikin kenan gaba ɗaya, tun daga na'urar da wani mai haɗa magunguna ɗan China, Hon Lik, ya ƙirƙira a 2003 har zuwa na yau da ake ƙera mafi yawansu a Shenzhen.

Lambar da ake rubutawa da alamar Ω ita ce turjiyar wayar, wato irin yadda take tare wuta ta hana ta wucewa cikin sauƙi, ana auna ta da om. In lambar ta yi sama, wuta kaɗan ce ke wucewa. In ta yi ƙasa, hanya a buɗe take. Sai kuma bolt, shi ne ƙarfin turin da batir ke yi, sai wat, shi ne yawan zafin da ake zuba wa wayar a kowane daƙiƙa. Abu ukun nan a ɗaure suke da juna da lissafi guda ɗaya: ka ninka bolt da kansa, ka raba da om, abin da ya fito shi ne wat.

Batirin da ke cikin waɗannan na'urori yana kaiwa bolt 4.2 in ya cika, ya fi daɗewa a wajen 3.7, sannan ya gangara zuwa wajen 3.2 kafin na'urar ta ɗauke. Mu ɗauki 3.7 ɗin. Koyil mai om 1.8 zai ba da wat 7.6, mai 1.2 zai ba da wat 11.4, mai 0.8 zai kai 17, mai 0.6 ya kusa 23, mai 0.2 kuwa sai ya haura 68. Daga nan ne maganar "ƙaramar lamba babbar wuta" ta samo asali, kuma ba ƙarya ba ce, sai dai rabin magana ce.

Shi kuwa abin da ake kira zuƙa da ƙaramar wuta, galibi ana nufin daga wat 8 zuwa wajen 18, in an matsa a kai 20.

Waye ke yanke hukunci, batir ko ƙwaƙwalwar na'ura

Kafin ka kalli lambar koyil, fara sanin irin na'urar da ke hannunka, don iri biyu ne kuma lambar ba aiki ɗaya take yi a kansu ba.

Akwai wadda ba ta da komai a tsakani, batir ne ke tura wutarsa kai tsaye zuwa koyil. A irin wannan, lissafin da na kawo a sama shi ne doka, koyil ne ke tsara komai. Kuma za ka lura da safe in ka cire ta daga caji tana da ƙarfi, da yamma ta yi sanyi, dalili kuwa koyil mai om 1.2 a bolt 4.2 yana ba da wat 14.7 amma in batir ya sauko 3.3 sai ya koma wat 9. Ba koyil ne ya lalace ba, mutane da yawa na jefar da mai kyau saboda wannan.

Akwai kuma mai cip a ciki, wadda ko dai kana saita wat da kanka a ɗan gilashinta, ko kuma ita ce ke karanta koyil ɗin ta zaɓa maka. A nan in ka saita wat 12, to wat 12 ɗin za a zuba, ko ka saka mai om 0.6 ko mai 1.2, cip ɗin ne zai daidaita bolt, ya ba mai 1.2 bolt 3.8, ya ba mai 0.6 wajen 2.7. Ma'ana a irin wannan na'urar, maganar wai koyil mai babbar lamba shi ke sa batir ya daɗe ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wat ɗin da ka saita shi ke cin batir. Abin da ya sa ake ganin kamar babbar lamba na tattalin batir shi ne don an ƙera su ne su yi aiki a ƙaramin wat, shi kenan.

Wani ɗan abu da ba a cika ambata ba: wasu ƙananan na'urori suna iya rage bolt amma ba sa iya ɗaga shi sama da na batir. Koyil mai om 1.8 in kana son ya kai wat 15 yana buƙatar bolt 5.2, to na'urar da ba ta ɗagawa ba za ta kai nan ba ko da gilashin ya nuna 15. Don haka lamba ma in ta yi sama da yawa tana da nata cikas.

Nauyin waya, nan ne ainihin maganar

In da abu ɗaya zan so mutum ya riƙe a duk bayanin nan, to wannan ne: abin da ke tsara wutar da koyil ke buƙata shi ne yawan ƙarfen da ke cikinsa da faɗin wurin da ke taɓa ruwa. Lambar om alama ce kawai da ke yawan tafiya tare da waɗannan, amma ba kullum ba.

Waya mai kauri turjiyarta kaɗan ce, siririya turjiyarta da yawa. Shi ya sa a al'ada koyil mai om 0.2 kakkaura ne, ko kuma wayoyi biyu ko uku ne aka jera, don in ka jera biyu masu kama ɗaya turjiya na rabewa biyu amma ƙarfen da za a ɗumama ya ninka. Irin wannan in ka ba shi wat 12, tamkar ka ɗora tukunyar biki ne a kan ɗan risho, za a daɗe ba a ji tafasa ba. Ruwa zai yi ta shiga auduga ba a ƙone shi, ya taru, ka ji na'urar na ɓul-ɓul, ɗigon ruwa mai zafi na fallatso maka a harshe, ƙarshe ya tsiyayo ta ƙofar iska ya ɓata maka aljihu. In kuma aka juya, siririyar waya mai om 1.6 ka danna mata wat 25, zafin zai fi ƙarfin saurin da auduga ke kawo ruwa, ta bushe, ta ƙone, ka zuƙi ƙaurin nan mai kartar maƙogwaro. Kuma audugar da ta ƙone sau ɗaya ba ta dawowa daidai, sai dai canji.

To amma ga inda lambar ke yaudara. Ba da ƙarfe iri ɗaya ake yin wayoyin ba. Akwai Kanthal, haɗin baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, asalinsa daga Suwidin, shi ya fi turjiya. Akwai nikurom, haɗin nikel da kuromiyam, turjiyarsa ta ɗan yi ƙasa kuma yana saurin ɗaukar zafi. Akwai ƙarfen da ba ya tsatsa wanda ake rubutawa SS316L, shi turjiyarsa kusan rabin ta Kanthal ce. Ka ɗauki wayar Kanthal mai lambar kauri 28, wato milimita 0.32, ka naɗa ta sau bakwai a kan sanda mai milimita 2.5, za ka samu kusan om 1.2. Ka sake yin naɗin nan sak da wayar SS316L mai kauri ɗaya, sai ka ga wajen om 0.6. Girmansu ɗaya, faɗinsu ɗaya, wutar da suke so kusan ɗaya, amma lambar wannan rabin ta wancan ce. Wanda ya tsaya a kan lamba kawai zai ɗauka na biyun na buƙatar ninkin wuta, ya ƙone shi a banza.

Haka ma koyil mai raga, wanda yanzu shi ya cika kasuwa. Ragar siririya ce ƙwarai, ba nauyi, ga faɗi, zafi na bazuwa a jikinta lokaci guda, don haka tana iya ɗaukar ƙaramar lamba ta yi aiki da ƙaramar wuta. Kamfanin Innokin yana da koyil mai raga na om 0.5 da aka rubuta masa wat 14 zuwa 19, alhali wani nasa na om 0.8 an rubuta masa 15 zuwa 18, ka ga kusan wuri ɗaya suke. Tsohon koyil ɗin Aspire Nautilus na om 1.8 kuma wat 10 zuwa 14 ne. Shi ya sa na ce lamba ta biyu da ke jikin koyil, wadda aka rubuta da W, wato wat, da ƙananan haruffa har sai ka kanne ido kafin ka gani, ta fi ta farkon amfani. In na'urarka iyakarta wat 15, duk koyil ɗin da aka rubuta masa 20-25W ba naka ba ne, komai yabon da mai shago zai yi masa.

Yadda kake zuƙa

A kwalaye za ka ga haruffa MTL ko RDL ko DL. Na farko shi ne zuƙa irin ta mai sigari, a tara a baki sannan a tura ƙirji, ƙofar iskarsa matsattsiya ce, galibi om 1.0 zuwa 1.8 a wat 8 zuwa 15. Na ƙarshe shi ne irin na shisha, a ja kai tsaye zuwa huhu, iska a buɗe, om 0.4 zuwa ƙasa, wat 40 zuwa 80 ko fiye, shi ne na masu cika ɗaki da hayaƙi kuma ba ya cikin maganarmu. Na tsakiyar yana wajen om 0.6 zuwa 0.8, wat 15 zuwa 25.

Iska ita ce ke sanyaya koyil. Ƙaramar wuta da iska mai yawa, sai ka ji kamar ba ka zuƙi komai ba. Wuta mai yawa da matsattsiyar ƙofa, tururi ya yi zafi ya ƙona leɓe.

Ruwan da za ka ɗura: kauri da ƙarfin nikotin

Ruwan mafi yawansa haɗin abu biyu ne da ake rubutawa PG da VG. PG tsinkakke ne, shi ke ɗaukar ɗanɗano kuma shi ke ba da ɗan kartar nan a maƙogwaro. VG mai kauri ne, shi ke kawo yawan tururi. Koyil na ƙaramar wuta ramukan da ruwa ke bi ya shiga audugarsa ƙanana ne, don haka rabi da rabi yake so, wato 50/50. In ka ɗura masa mai VG kashi 70 ko 80, ruwan ba zai riƙa shiga da sauri ba, kana zuƙa biyu uku a jere sai ƙauri, ka yi ta zagin koyil alhali ruwan ne bai dace ba. In kuma ka zuba tsinkakke a babban koyil mai manyan ramuka, yoyo ne zai biyo baya.

Maganar nikotin ita ce ta fi damuna, don a nan kuskure ba asarar kuɗi kawai yake jawowa ba. Yawan nikotin da ke shiga jikinka ya danganta da abu biyu, ƙarfinsa a cikin ruwan da kuma yawan ruwan da ake mayarwa tururi a kowace zuƙa. Ƙaramar wuta ruwa kaɗan take ƙonawa, shi ya sa ake haɗa ta da mai ƙarfi, miligiram 10 zuwa 20 a kowane mililita. Babbar wuta kuwa 3 ko 6 ake saka mata. Tun da sigarin lantarki na Juul ya fito da nikotin mai gishiri a 2015, wanda ake haɗawa da wani asid don ya daina kartar wuya, sai ya zama mutum na iya zuƙar mai ƙarfi sosai bai ji komai a maƙogwaro ba, wato ƙararrawar da a da ke gargaɗinka an cire ta. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta tsayar da iyaka a miligiram 20, tanki kuma mililita 2, amma a wasu kasuwanni kwalabe masu miligiram 50 na nan a kan kanta. Kuma a kula, in an rubuta 5% ba ƙaramin abu ba ne, miligiram 50 kenan, 2% shi ne 20. Wallahi mutane da yawa na ganin 5 ɗin nan su ɗauka ya fi 20 sauƙi.

Wanda ya ɗura mai miligiram 50 a koyil na om 0.6 ya sa wat 23 zai iya jin jiri, tashin zuciya, ciwon kai, gumi mai sanyi, zuciya na dukan uku-uku. In ka ji haka ka ajiye nan take, in bai lafa ba a tafi asibiti. Kwalbar ruwan kuma a ɓoye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, ƙamshinta na alawa ne, ɗan kaɗan in yaro ya sha guba ne.

Akwai kuma kuskuren ɗaya ɓangaren. Mutum ya ce bari ya rage, ya sa mai miligiram 3 a koyil na om 1.2, jikinsa bai samu abin da ya saba ba, sai ya wuni na'ura na bakinsa yana dogayen zuƙa a jere. Masu bincike a jami'ar London South Bank sun nuna haka, cewa in aka rage wa masu amfani ƙarfin nikotin sai su ƙara yawan zuƙa da tsawonta su sha ruwa fiye da da. Doguwar zuƙa a kan ɗan ƙaramin koyil kuwa ita ce hanyar busar da auduga. Ragewa a hankali ake yi, mataki mataki.

Masu cewa 1.2 da masu cewa 0.8

Tsoffin hannu a harkar, waɗanda suka fara tun zamanin siraran na'urori masu kama da biro, su dai a bar su da 1.2 zuwa 1.8. Hujjarsu ita ce ya fi kama da sigari, tururin bai da zafi, ba ya tara hayaƙin da zai dami na kusa da kai, ruwa na daɗewa, batir na kai dare. Masu 0.6 da 0.8 mai raga kuma suna cewa ɗanɗano ya fi fitowa, yana kamawa nan take ba jira, kuma ɗumin da yake bayarwa ya fi gamsar da wanda ya saba shan sigari mai ƙarfi.

Kowa na da gaskiyarsa, amma ni a ganina wanda ya fito daga sigari ko daga na zuƙa-ka-yar, kuma na'urarsa ƙarama ce, ya fara da 1.0 ko 1.2. In ya ji ya yi masa sanyi da yawa ya sauko 0.8 ya kuma duba ko ya kamata ya rage ƙarfin nikotin. Shi 0.6 a bakin iyaka yake, a yawancin ƙananan na'urori ya riga ya fita daga abin da za a kira ƙaramar wuta, yana shan ruwa kusan ninki biyu na 1.2 don wutarsa ma ninki biyu ce. Na san kamfanoni sun fi tura shi gaba, ba abin mamaki ba ne tunda wanda ke shan ruwa da yawa shi ke yawan komawa shago.

Wai ƙaramar wuta ta fi sauƙin illa?

Nan sai an yi a hankali. A Janairun 2015 wasu masu bincike daga jami'ar Portland State a Amurka sun fitar da sakamako da ya tayar da ƙura, sun gwada na'ura a bolt 3.3 ba su ga sinadarin fomaldihaid mai cutarwa ba, da suka ɗaga ta zuwa bolt 5 sai ya fito da yawa. Wasu masanan, cikinsu har da likitan zuciya ɗan Girka Konstantinos Farsalinos, suka mayar da martani cewa an ƙure wa koyil ɗin wuta ne har ya kai matakin ƙauri wanda ba mai iya jure zuƙarsa. An daɗe ana wannan muhawarar, amma duka ɓangarorin sun haɗu a abu ɗaya, koyil in ya yi zafi fiye da kima, PG da VG na rikiɗa su zama sinadarai masu cutarwa. Daga baya masu bincike a Jami'ar Amurka da ke Beirut suka nuna cewa ba yawan wat kaɗai ne ma'auni ba, a duba wat ɗin a kan wane faɗin waya aka zuba shi. Kenan ɗan siririn koyil da aka ƙure wa wat 18 zai iya fin babba mai wat 50 zafi a jikin waya.

To ƙaramar wuta tana rage yawan ruwan da kake zuƙa a rana, wannan riba ce a fili, amma sai in koyil ɗin na cikin iyakar da aka rubuta masa kuma audugarsa a jiƙe take. Akwai ma batun ƙarfe, wani bincike na jami'ar Johns Hopkins a 2018 ya samu ɓurɓushin dalma da nikel da kuromiyam da manganis a tururin na'urori da dama, wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum ya yi ta lallaɓa tsohon koyil da ya yi baƙi don tsimin kuɗi. Hukumomin lafiya a Ingila na ganin sigarin lantarki ya fi taba sauƙin illa ga wanda ya riga yana sha, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na jan kunne sosai musamman kan yadda yake jan yara. Babu ɗaya cikinsu da ya ce ba shi da illa.

Batir, zafin gari da aljihu

Ƙaramar na'ura mai batir 1000mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa, tana ɗauke da abin da zai ba da wat 11 na wajen minti 20 in an haɗa duka lokacin zuƙa, wato kusan zuƙa 400 masu daƙiƙa uku uku, a takarda kenan, a aikace ya ɗan gaza haka. Ka ninka wutar zuwa wat 22, adadin ya koma rabi. Ga wanda ke garin da wutar NEPA ba ta da tabbas wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, don ranar da na'ura ta mutu da la'asar ba wurin caji, ranar ce hannu ke komawa wajen mai tireda ya sayi kara ɗaya, duk wahalar da aka yi ta koma baya.

Zafin gari ma na da tasiri. Ruwa na tsinkewa in ya ji zafi, don haka mai 50/50 da ke zaune lafiya a sanyin Ingila zai iya yin yoyo a bazarar Kano ko Yamai, musamman in an bar na'urar a cikin mota ko a kwance. A irin wannan yanayin 60/40 mai ɗan rinjayen VG yakan fi zama daidai a koyil na 0.8 ko 1.0. Barin ta a mota cikin rana ma haɗari ne ga batirin kansa.

Su kuwa masu na'urar da ba ta da cip mai amfani da irin batirin da ake kira 18650 wanda ake cirewa, lambar om a wurinsu maganar tsira da lafiya ce. Da amp ake auna yawan wutar da ake ja daga batir, koyil mai om 1.2 amp 3 da ɗoriya kawai yake ja, amma mai 0.15 a cikakken batir zai ja amp 28, alhali batura da yawa iyakarsu 20 ko ƙasa da haka. An samu mutuwa a Florida a 2018 da Texas a 2019 sanadin fashewar irin waɗannan na'urori. Mai neman ƙaramar wuta ba shi da buƙatar irinsu ko kaɗan, ya nemi mai cip wadda ke ɗaukewa da kanta in an samu matsala.

Sabon koyil, da kuma na jabu

Ko ka zaɓi lambar da ta dace, minti na farko na iya kashe koyil. In sabo ne ka ɗiga masa ruwa biyu uku a kan audugar in ana ganinta, ka cika tanki, ka ajiye minti biyar zuwa goma kafin ka taɓa. Ka fara daga ƙasan wat ɗin da aka rubuta, in 10-14W ne ka fara da 10 kana ƙara ɗaya ɗaya har ka ji ya yi maka, sau da yawa ma ba sai ka kai ƙarshen ba. Kada ka bari ruwa ya sauka ƙasa da ramukan auduga, kuma ka riƙa ba shi 'yan daƙiƙu tsakanin zuƙa da zuƙa. Galibi yana yin sati ɗaya zuwa biyu, amma ruwa mai zaƙi sosai yana daskarewa a jikin waya ya yi baƙi ya kashe shi cikin kwana kaɗan, kuma ƙananan koyil sun fi saurin toshewa da shi. Da ɗanɗano ya canza ko ƙauri ya fara zuwa a wutar da ka saba, lokacin canji ya yi.

In na'urarka na nuna om a gilashi ka riƙa dubawa duk sanda ka saka sabo. Mai 1.2 ya nuna 1.15 ko 1.25 ba komai, wannan ɗan bambancin ƙira ne. Amma in ya nuna 0.7 ko 1.9, ko lambar na ta tsalle tana canzawa, ka cire ka goge gindinsa da wurin da yake zama da busasshen tishu don wani lokacin ruwa ne ya kwanta a wurin, ka mayar ka ɗaure da kyau. In bai gyaru ba kada ka zuƙa. Jabu sun yi yawa a kasuwa kuma kwalinsu kamar na asali, shi ya sa manyan kamfanonin ke saka wata lamba a jikin kwali da ake kankarewa a duba a shafinsu na intanet, ka kankare ka duba tun kana tsaye a shagon kafin ka biya.